Na dawo Maradi ba tez

Tunda tambayar yaushe za ni yi sutnans, wato kare tez ɗina ta dokta gaban juri, ta ƙi ƙarewa, a fada, wurin suna, har a layin banki, bari in amsa ta gaba ɗaya in huta. Babu sutnans. Ba ɗagawa anka yi ba, ba kuma juri ake jira ba, babu ita ne kawai. Na maida musu makullin labo da baj, na kwaso kayana na dawo gida, yanzu ina koyar da SVT, kimiyyar rayuwa da ƙasa, a wani lise mai zaman kanshi nan cikin gari. Masu ce mani dokta dan Allah ku bari, ban kai ba.

Rubutun ga na ƴan jeyoloji ne, musamman ƙannenmu da ke mastar suna ta tura dosiye waje suna mafarkin labon jeyoshimi. Kun san aikin, dan haka ba za ni tsaya ina ba ku labarin wankin teflon da jiran kolon ya tsiyaye ba. Kuma ba za ni faɗi sunan labon ba, ko ƙasar, ko mutumin, ko ramin da duwatsun sunka fito. Wanda ya sani ya sani, wanda bai sani ba kuma ba sunan ne zai amfane shi ba.

Abin da ya jawo ni cikin harkar tun ina lisans shi ne aikin da Stephen Richardson da abokanshi sunka fitar a 1984. Sunka farfasa lu'ulu'ai na Kimberley da Finsch a Afirka ta Kudu, sunka ciro ƴan ƙwayoyin girena, wani jan ma'adini, da sunka maƙale cikinsu, sunka tara da yawa dan guda ɗaya bai isa awo ba, sunka auna samariyom da neyodim, sai ga shekara miliyar 3.2 zuwa 3.3. Alhali kimbarlit, dutsen aman wutar da ya fito da su sama a Kimberley, bai kai shekara miliyan 100 ba. Ke nan ba kimbarlit ya haifi lu'ulu'u ba, tarar da shi ya yi a hanya ya ɗauko, bayan lu'ulu'un ya gama zamanshi can ƙarƙashin kiraton, wato tsohuwar cibiyar nahiya, zurfin kilomita 150 zuwa 200, tsawon shekarun da hankali bai iya ɗauka. Ramin da ɗan Adam ya haƙa mafi zurfi, na Kola a Rasha, kilomita 12 ne da ƴan kai. To duk abin da muke faɗi kan manto, sashen da ke ƙasan ɓawon duniya, na ƙarƙashin nahiyoyi da baki cike, mafi yawa daga ƴan duwatsun ga ne da kimbarlit ya kwaso, da abin da lu'ulu'u ya rufe cikinshi ya hana komi taɓawa. Ni dai tun ranar da na fahimci wannan na daina kallon iraniyom da man fetur, waɗanda su ne ke ba ɗan jeyoloji aiki a Nijar, Yayana kuwa ya faɗa mani tun lokacin cewa wannan karatun ba ya ciyar da mutum, to ga shi.

Har yanzu kuma ban daina son abin ba, shi ne ma ya fi ciwo. Ka ɗauki karbon kawai. Mutane na tambaya ta ko da karbon 14 muke gano shekarun lu'ulu'u, a'a, rabin rayuwarshi shekara 5730 ce, bai kai ko bakin ƙofa ba. Abin da ake dubawa karbon 13 ne a kan karbon 12, kuma ba shekaru yake badawa ba, asali yake nunawa. Karbon na manto wajen -5 cikin dubu yake zama, lu'ulu'an peridotit, dutsen da ya fi yawa cikin manto, kusan duka nan sunka taru. Amma na eklojit, wani dutsen manto daban, sai ka ga sun bazu, wasu -20, wasu -30, har kusan -40, kuma abin da ke ɗauke da irin wannan karbon mai sauƙi a doron ƙasa shi ne abu mai rai, wajen -25. Akwai masu ja, suna cewa cikin manto ma ana iya tace karbon har shi kai can ba tare da ya taɓa ganin rana ba, kuma hujjarsu ta azot ba ta wasa ba ce. Sai dai sulfur ya zo ya yi magana da ƙarfi: a 2002 James Farquhar ya samu wata alama ta izotop ɗin sulfur cikin lu'ulu'an Orapa na Botsuwana, alamar da ba ta samuwa sai a sararin sama, lokacin da hasken rana ke dukan hayaƙin aman wuta kafin iskar oksijen ta cika duniya wajen shekara miliyar 2.4 da sunka wuce. A 2019 Karen Smit ta samu irinta a lu'ulu'an Zimmi na Saliyo, nan yankinmu. Sulfur da ya taɓa yawo a sama, ya faɗa teku, ya nutse da ɓawon ƙasa, ya je ya kwanta cikin lu'ulu'u. In wannan bai motsa ka ba, to ka nemi wani fanni tun da wuri.

Ni eklojit anka ba ni, baƙin duwatsun da kimbarlit ya tsinko daga manto, girena ja da piroksen kore, wasu ma da ƴan lu'ulu'ai manne a jiki. Kun san muhawarar, tsohon ɓawon teku ne da ya nutse ko kuwa narkakken dutse ne da ya daskare can ƙasa, kun san oksijen na manto wajen +5.5 yake kuma eklojit na ramin Roberts Victor a Afirka ta Kudu sun kauce sama da ƙasa kamar dutsen da ruwan teku ya taɓa. Abin da ya sa shekarunsu ke da tsada shi ne maganar da Shirey da Richardson sunka yi a 2011, cewa kafin shekara miliyar 3.2 lu'ulu'an peridotit kawai ake gani, sai bayan miliyar 3 na eklojit sunka yawaita, wato nan ne farantan ƙasa sunka fara nutsewa irin ta yau. Dan haka duk wanda ya fito da eklojit mai shekarun Arkeyan, wato sama da miliyar 2.5, da hujja mai ƙarfi, ya samu artikal a babbar mujalla, ya samu kuɗin bincike, ya samu a kira shi kongire.

Maigidan labo yana da irin wannan hujjar, wani layi a hoton awo, tun kafin in zo. Wani ɗalibi da ya riga ni ya niƙa duwatsun gaba ɗaya ya auna garin, maki sunka jeru ƙyam bisa layi ɗaya, gangaren layin kuma ya bada Arkeyan. Ya riga ya nuna hoton a taro, ya riga ya sa shi cikin takardar neman kuɗin da burs ɗina ta fito daga ciki, wannan kuma ban san shi ba sai daga baya. Aikina a takarda shi ne in tabbatar da layin da ma'adinai masu tsabta.

Wanda bai yi tsintar girena ba bai san mi ake nufi da tsabta ba. Ka fasa dutse, ka tankaɗe, ka zauna gaban lup, gilashin ƙara girma, da matsefata kana zaɓe ƙwaya ƙwaya, mai tsaga ka yar, mai baƙin baki na kelifit ka yar, wadda cikinta ya yi duhu-duhu ka yar, piroksen ma haka, har ka tara miligiram ɗin da ake bukata, sannan ka jiƙa su cikin asid ka wanke ka busar, ka koma lup ka sake zaɓe dan asid ya tona asirin wasu. Wuyanka ya ƙage, in ka rufe ido da dare ja da kore kake gani. Kuma ba tsirfa ba ce, dalili ne: kimbarlit cike yake da neyodim, ya ninka na girena sau gomomi, wani lokaci har ɗari, ya kuma shiga duk wata tsaga ta dutsen lokacin da yake tahowa da shi. Ɗan abin da ido bai gani ya isa shi rinjayi awon gaba ɗaya. Watanni na yi kan wannan, galibi ni kaɗai bayan kowa ya tashi.

Da sakamako ya fara fitowa, girena da piroksen na dutse ɗaya sun bada lokacin fitowar kimbarlit, wannan ba abin mamaki ba ne, can ƙasa zafi ya yi yawa ma'adinan na ta musayar neyodim tsakaninsu, agogon bai fara tafiya sai dutsen ya huce a sama. Matsalar ta zo da na haɗa lissafin girena da piroksen na sake gina kowane dutse kamar yadda yake kafin kimbarlit shi taɓa shi. Layi ya ɓace. Maki sun watse, wani can wani can, wasu ma a inda ba su da dalilin zama in da labarin shekara ɗaya ne.

Na koma kan tsohon awon gari. Ku da ke mastar ku riƙe wannan da kyau dan a aji ana wuce shi da gudu: layi madaidaici a hoton izokuron, wanda da gangaren layinshi ake fidda shekarun dutse, ba dole ba ne shekaru. In mai nono ta ɗauki nono ɗaya ta zuba ruwa, ƙwarya ta farko kaɗan, ta biyu da ɗan yawa, ta ukku ta cika, ka auna kauri da maiƙo na kowace ƙwarya, duka bisa layi ɗaya za su faɗa, kyakkyawan layi ma, amma bai gaya maka komi kan shekarun saniya ba, yawan ruwan da anka zuba kawai yake faɗi. Haka garin eklojit da kimbarlit ya shiga. Gwajin kuma mai arha ne, ko asid ba ya ci, ka zana neyodim 143 bisa 144 a gefe ɗaya, ɗaya bisa yawan neyodim a ɗaya gefen, in sunka sake jeruwa to cakuɗa ce. Na zana. Sun jeru, kuma ƙarshen layin ya nufi daidai inda kimbarlit ɗin ramin yake zaune.

Da murna na tafi biro ɗinshi, wallahi da murna, dan ni a ganina mun samu abin da ya fi na da, duwatsun ga ba labari ɗaya gare su ba, wani abu ya ratsa su ya canja su a lokuta daban daban, wannan shi kanshi tez ce. Ya kalli takardar ya daɗe bai ce komi ba. Sannan ya ce, abokina, bulan ɗinka nawa ne? Wato awon da ake yi ba samfur, dan a ga dattin da aikin labo ke ƙarawa. Na ce Furofesa ga kaye, kowane jeri da bulan ɗinshi, duka cikin abin da labo ya saba samu, sitandar ma sun fito daidai. Bai buɗe kayen ba. Ya ce wane labo mai tsabta na taɓa shiga kafin in zo nan, ni da na fito daga ƙasar da ƙura ke rufe rana? Yana murmushi ya faɗa, irin wanda in ka ɓata rai a ce ba ka san wasa ba. Sai ya ɗauki biki ya zagaye makin da sunka fi nisa da tsohon layi, ya ce waɗannan an taɓa su, ka cire su mu ga abin da ya rage.

Ba wai ba a cire maki ba ne a aikinmu, ana cirewa, amma da dalili wanda ka gani cikin dutsen, a lam mens, siririn yankan dutse da ake dubawa a mikoroskop, a sinadaranshi, kuma tun kafin ka san inda makin zai faɗa. Waɗanda ya zagaye su ne sunka fi kowane tsabta a hannuna, ni na tsince su, na san su. Laifinsu ɗaya, sun ƙi layi. Na ce Furofesa a ba ni dalilin da za ni rubuta ƙarƙashin tabulo in cire su yanzu. Ya ce dalilin shi ne shekarun da ya yi yana wannan aiki tun ban san hanyar lakwal ba.

Wasu abokai sun ce mani da na yi shiru na cire, in samu takardata, in na zama wani abu sai in gyara. Na ji, kuma ba na zagin wanda ya yi haka, kowa ya san nauyin da ya baro gida. Wasu kuma sun ce laifina ne da na nuna hoton a taron ekip gaban kowa. Su ba su san na sha zuwa biro ɗin ba kafin nan, na aika imel ba amsa, ranar taron kuma shi da bakinshi ya ce kowa shi nuna inda ya kai. Inda na kai na nuna.

Bai taɓa ɗaga mani murya ba, wannan ku sani, dan mu nan mun saba da shugaban da ke faɗa a wuce wurin. Can ba haka ake yi ba. Sunana ne kawai ya daina fitowa a jadawalin sipektiro, mashin ɗin da muke awo da shi. In na tambaya a ce mashin na da matsala, gobe in ga wani na zaune kanshi. Kuɗin sipaik, sinadarin da ake zuba ma samfur dan awo, na reniyom da osmiyom da anka ce an ware mani, wanda da shi ne za ni gwada ƴan sulfir ɗin cikin duwatsun in samu agogo na biyu da kimbarlit bai cika ruɗawa ba, sai anka ce an juya shi wani wuri. Shapitir da na miƙa ya kwana a tebur ɗinshi har lokacin sanyi ya wuce. A gaban komite ya ce ni yaro ne mai ƙoƙari ƙwarai, mai haƙuri da aikin hannu, sai dai fassarar sakamako ta yi mani nauyi. Mutanen komite abokanshi ne, tare suke rubuta takardun neman kuɗi, sun gyaɗa kai. Burs ta ƙare, ƙarin wata shida na bukatar sa hannunshi, takardar zama kuma na rataye da burs. Ba wanda ya kore ni, ƙofofi ne sunka rurrufe ɗaya bayan ɗaya har na ga tikitin jirgi ya fi komi sauƙi.

Mutum ɗaya ba za ni manta ba, Madam mai kula da ɗakin asid, dattijuwa ce ta kusa ritaya. Ba tare da ta gaya ma kowa ba ta ɗebi ragowar girena na ta narkar da hannunta, ta saka cikin jerin wani aikin da lambar da ba tawa ba. Abin da na samu shi ta samu. Ta kai mishi, ya ce zai duba. Ta dawo ta ce mani iyakar abin da za ta iya ke nan, ita ma albashi take ci, amma in ɗauki hoton kowane shafi na kaye na kafin in tafi dan kaye na labo ne ba nawa ba. Na ɗauka. Allah shi saka mata.

Bara artikal ya fito. Ba maganar tsohon layi, ko a gefe. Girena da piroksen masu tsabta, sake gina dutse, hoton ɗaya bisa neyodim yana nuna cewa awon gari cakuɗa ce da kimbarlit, da doguwar magana mai daɗi kan yadda ya kamata masu bincike su yi hattara da irin wannan layi. Makin da anka zagaye da biki su ne tsakiyar hujja. Sunaye sun jeru sama, har da wanda bai taɓa riƙe matsefata kan duwatsun nan ba. Nawa na can ƙasa wurin godiya, an gode mani da taimakon shirya samfur. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na rubuta ma mai kula da ɗalibai na haɗa da hotunan kaye, anka amsa da ladabi cewa tsara sunaye hurumin shugaban aiki ne.

In za ni yi adalci, mutumin ya san aikinshi. Shi ya koya mani karanta lam mens na eklojit, kuma ba a banza ya kai inda ya kai ba. Ai shi ya sa na tabbata tun ranar farko da ya kalli takardar ya gane, shirun da ya yi na ganewa ne. Lokaci kawai yake so, rahoton kuɗi shi wuce, a manta da hoton kongire, sannan shi fito da gyaran da bakinshi ba da bakin wani ɗan Maradi ba.

Sauran abin da na koya ba shi da tsawo. Kafin ka karɓi sije ka tambaya ko akwai sakamakon da ake jira ka tabbatar, in akwai ka san ba bincike anka kira ka ba. Ka nemi tsofaffin ɗaliban mutum, ba waɗanda ke shafin labo ba, waɗanda sunka tafi ba a ji ɗuriyarsu ba. Ka nemi diraktan tez na biyu, ko da daga gida ne, wanda sa hannunshi ke da daraja. Maganar sunaye a artikal a yi ta a rubuce tun kafin ka narkar da dutse na farko, kunya ba ta aiki nan. Duk abin da anka faɗa maka a biro ka koma ka aika imel ka ce kamar yadda munka yi magana. Ɗanyen sakamako na mashin ka kwafe ranar da ya fito. Bulan kowane jeri, ko an ce ɓata lokaci ne. Asid fuluworidirik ba ya zafi nan take, ka san inda jel ɗin kalsiyom yake kafin ka buɗe kwalba, kuma kar ka yi aiki da shi kai kaɗai da dare irin yadda munka riƙa yi. Ka kyautata ma masu kula da mashin da ɗakin asid fiye da yadda kake kyautata ma furofesoshi. Ka aje kuɗin tikitin dawowa gefe, kar ka turo shi gida ko an yi maka kuka.

A gida kuma wani karatun ne. Kawu Alhaji da ya ji lu'ulu'u nike karanta ya ɗauka da buhu za ni dawo, ranar da na je gaishe shi a kanti ya ce to ɗana ina kayan? Na ce Kawu ni ƙazantar da ke cikin lu'ulu'u nike aunawa, wadda ke rage mishi kuɗi. Ya ce ashe dai Turawa sun iya cin amanar yaro. Bai san iyakar gaskiyar da ya faɗa ba.

Tun da zinariya ta ɓulla wajen Ɗan Isa a 2021 kowa ya zama mai neman dutse, ko rushewar rijiyar Garin Liman da ta ci mutane aƙalla 18 a watan Nuwamba na shekarar ba ta kashe zazzaɓin ba. Kusan kullum sai wani ya zo da tsumma a ƙulle, Malam dan Allah duba mani. Kuwarts ne. Na gaji da faɗa, bari in rubuta: taurin lu'ulu'u 10 ne, na kuwarts 7, kuma kuwarts ma yana yanka gilashi dan haka wannan gwajin naku ba ya raba su. Nauyi ya fi taimako, lu'ulu'u 3.5, kuwarts 2.65. Kar a buga da guduma, lu'ulu'u na gaske ma fashewa yake, tauri daban juriya daban. Kuma ƙasar da muke kai ba ta cikin wuraren da ake sa rai. Tun 1966 Clifford ya nuna cewa kimbarlit mai lu'ulu'u bisa tsofaffin kiraton yake fitowa, inda saiwar nahiya ke da kauri da sanyi, shi ya sa ake samu a Koidu na Saliyo, a Gine, a Botsuwana. Duwatsun kudancin Maradi da ke leƙowa wajen iyaka na zamanin Pan-Afirka ne, wajen shekara miliyan 600, an dafa su an murɗe su. Zinariya e, tana son irin wannan wurin. Wanda ya ce maka ya tsinci lu'ulu'u a Gulbi yana neman abokin haɗa jari, riƙe aljihunka.

Ɗalibaina na tarminal kuwa sun san manto fiye da yadda purogiram ya nema, wannan ba laifinsu ba ne. Na ba su labarin ɗan lu'ulu'un Juina na Birazil da Graham Pearson ya samu ringwudit cikinshi a 2014, ma'adinin da ba ya zama sai zurfin da ya wuce kilomita 500, ɗauke da ruwa kusan kashi 1.5 cikin ɗari, da na Kankan nan Gine da su ma daga can ƙasa sosai sunka fito. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce Mushe, to ya anka yi anka san ba a hanya ruwan ya shiga ba? Na ce ke zo ki zauna gaba.

Kwanan baya imel ya shigo daga maigidan labo, na farko tun da na taho. Abokina, ina fatan kana lafiya, sabon ɗalibi ya gwada wankin asid ɗin da anka rubuta cikin artikal amma piroksen ɗinshi na fitowa da datti, ko akwai wani mataki da bai shiga kaye ba? Akwai. Komawa lup bayan asid, da zubar da fiye da rabin abin da ka riga ka tsinta, wannan ba a rubuta shi dan ba wanda ya ɗauka aiki ne. Inna ta ce in amsa mishi dan Allah, ba dan halinshi ba, kuma yaron da ke zaune gaban lup ɗin yanzu bai yi mani komi ba. Yaron za ni nema in rubuta ma kai tsaye, in gaya mishi matakin, in kuma ce shi ɗauki hoton kayenshi. Furofesa shi jira, kofi na dabuwa sun taru mani kuma ranar Litinin ake son not.